Wane "Ga" Kake So?

Ku da kuke zuwa rumfata kuna shan inuwa kyauta, kuna kallona ina jan layi a jikin lori, na san abin da kuke faɗa in kun tashi. Kuna cewa aikin Usta Abakar ba wani aiki ba ne, shafa buhya ne kawai, wato fenti, kuma injin da ke shagon kan kwana yana fitar da rubutun da ya fi nawa miƙewa. Miƙewa kam ya fi, ban musa ba. Amma injin nan ne ya rubuta wa Gambo mai kayan miya sunansa a allon shago, ga shi yau duk unguwa Jambo take kiransa, har matarsa in ranta ya ɓaci. Injin bai tambaye shi komai ba. Da wurina ya zo, kafin in buɗe gwangwani sai na tambaye shi: wane "ga" kake so?

Wannan tambaya ita ce abu na farko da maigidana Usta Jibrin ya koya mini, Allah Ya jiƙansa. A nan Gadarif da haruffan Larabci muke rubutu a jikin mota, kuma Larabci ba shi da harafi guda tsayayye na "ga". Kakanninmu da suka taso daga yamma za su hajji suka yada zango a nan, da angai suke rubuta shi, harafin nan mai buɗaɗɗen baki da ɗigo a sama, yadda ake yi a ajami. Larabawan Sudan da ƙaf suke rubutawa, don su ƙaf ɗin ma "ga" suke furta shi. Mutanen Masar kuwa jim suke sawa. Sauti ɗaya ne, haruffa uku, kuma ko wanne ka ɗauka akwai wanda zai tsaya a bayan motar ya karanta maka wani abu dabam. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Damina guda cur na yi a wurin Usta Jibrin ban rubuta komai ba sai alif. Ya ba ni falankin kwano, ya ce in ja alif, in goge da tsumma, in sake ja. In na kawo masa sai ya dube shi ya ce wannan alif ɗin yunwa yake ji, ko ya ce wannan ya sha giya. Fursha kuwa, wato burushi, ba saye muke yi ba. Gashin bayan bunsuru muke yankowa, mu jera shi, mu ɗaure da zare a bakin kara, ta manyan layuka kuma daga jelar jaki. Akwai zaren da muke turmusawa cikin toka mu ɗaura a jikin katako mu ja shi mu saki kamar baka, ya bar mana layi. Akwai sanda mai ƙullin tsumma a kai, ita ake dafawa a jikin motar a ɗora hannu kar ya yi rawa. Buhya, wato fentin, in ka cika mata kananzir sai ta yi ta kuka tana zuba ƙasa, in ka bar ta da kauri rana ta tsattsaga ta kafin wata ya ƙare. Ba a rubutu da tsakar rana, ƙarfe ya yi zafi, tana bushewa a bakin fursha kafin ka kai ƙarshen harafi.

Wani mutumin Fau ya taɓa kawo mini motarsa ya ce mikiya yake so a ƙofar baya. Na zana, ya zo ya tsaya hancinsa na taɓa katako, ya ce wannan ai kaza ce mai mura. Na kama hannunsa na ja shi har tsallaken titi na juyo da shi. Ya duba, ya ce to daga nan dai mikiya ce. Na ce daga nan ɗin za a riƙa ganinta, ba wanda zai rungumi lori yana tafiya. Aikinmu ke nan, ana yin sa kusa don a gan shi nesa, cikin ƙura, a guje. Mai mota kuma ba rubutu yake saye ba, so yake in ya wuce a ce wane ne ya wuce.

Shekarar da ta fi kowace baƙi a sana'ata ita ce shekarar da yaƙi ya tashi a Hartum. Daga can buhya take zuwa mana, sai hanya ta yanke. Gari ya cika maƙil da mutanen da suka gudo, makarantu duk sun zama gidaje, wa yake ta furen mota? Na koma rubuta ƙananan alluna. Likita ya buɗe wurin suyar ta'amiya, ƙosan nan na Larabawa, injiniya yana sayar da gawayi, kowa yana so a rubuta masa da kyau amma kar a sa sunansa. Na kankare gindin tsofaffin gwangwanaye har ƙarfe ya fito. Daga baya aka fara shigo da wata buhya ta Gallabat, garin bakin iyaka, daga Habasha, rubutun jikinta ban iya karanta shi ba, sai na fasa gwangwani nake sanin launin da na saya. A cikin shekarar nan ne, damina na shirin ɗaukewa, Haj Adam ya turo tsohuwar motarsa ƙofar rumfar nan.

Haj Adam kun san shi, mai gona a wajen Doka, gajere, mai murya kamar ana buga bokiti. Tare muka taso da shi a unguwa ɗaya, mu da Harun, wanda ya yi karatu ya tafi Hartum ya zama malamin makaranta, kowa na ce masa Ustaz. Muna samari akwai talabijin guda ɗaya a duk unguwar, a wani kulob, kuma bayan la'asar ana nuna wani zanen yara na wata ƙasa mai nisa da aka sa wa muryoyin Larabci. Jiragen La'asar muke ce masa. Yaƙi ne ake yi a tsakanin taurari, jirage iri-iri, akwai ƙanana masu gudu, akwai kuma wasu manya masu faffaɗan baki da ke shiga gaba in za a kai hari. Su waɗannan kwamandan yana kiran su da suna guda. In abu ya yi zafi sai ya miƙe ya ce a fito da Garma. Ba a taɓa rubuta sunan da haruffan da muka iya karantawa ba, ji kawai muke yi.

Tun ranar farko Adam ya ce ai garma ce tamu ta noma. Ku dubi bakin jirgin, in ji shi, ku dubi yadda yake shiga gaba yana keta sama, ƙananan suna bin sa a baya kamar masu shuka. Tabbas akwai Bahaushe a cikin waɗanda suka yi zanen, don babu ƙasar da za ka je ba ka tarar da Bahaushe yana sayar da wani abu ba. Harun ya ce wannan maganar mutanen gona ce. Wanda ya yi muryar kwamandan ɗan Masar ne, jim yake mayarwa "ga", asalin sunan Jarma ne, daga jirm, kalmar da Larabawa ke kiran tauraro da duk wani abu mai jiki da ke yawo a sama. Adam ya ce Jarma sarauta ce, ba jirgi ba. Harun ya ce masa jahili. Daga nan suka fara, kuma ba su daina ba. An yi musun nan a bikin auren Adam, an yi shi a sunan 'yar Harun ta fari. Da waya ta zo, sai da suka riƙa ƙona kati a kansa tsakanin Hartum da Gadarif, matansu suna tsaki.

To a shekarar nan Ustaz Harun ya dawo, shi da matarsa da 'ya'yansa mata, da kayan jikinsu. Gida ya tafi, littattafai sun tafi, makarantar ma babu. Haj Adam ya ba su ɗakunan bayan gidansa. Na ga Ustaz a masallaci ban gane shi ba, ya rame, ga ciwon sukari, yana tafiya yana bin jikin bango. Mutumin da in ka ce masa ina kwana sai ya gyara maka nahawu, ya zama ko me aka ce sai ya gyaɗa kai.

Ranar da aka kawo motar, Haj ya ja ni gefe. Ya ce Harun ya ƙudura zai bar iyalinsa a nan ya tsallaka Habasha ta Gallabat ya nemi aiki, ko wane iri, wai ya gaji da cin tuwon wani. Ya yi masa tayin ya riƙa bin motar yana kula da kaya, Harun ya ce shi ba a ƙirƙira masa aiki don tausayi. Haj ya ce mutum mai wannan ciwo, a wannan shekaru, in ya tsallaka ba zai dawo ba, kuma shi ya san haka, Harun ɗin ma ya sani. Amma jiya da ya ambata a gabansa cewa zai sa wa motar suna Garma, da angai, sai ya ga Harun ya ɗago kai karo na farko, ya ce ba zai bar garin nan ba sai ya ga an rubuta sunan daidai.

"Usta," in ji Haj, "ka yi aikin nan, amma kar ka gama."

Ni da ban taɓa riƙe motar mutum ta wuce lokacinta ba, aka ce in zama malalaci da gangan. Na ce to.

Washegari suka zo su biyu, aka kawo jabana, butar gahawa, tana ƙamshin citta, suka zauna a kan bencin nan da kuke kai. Na hau tsani na ja zare a allon baya, na waiwayo na yi musu tambayar Usta Jibrin. Ai kuwa kamar na zuba kananzir a murhu. Haj ya ce angai, yadda kakansa ke rubuta garma. Ustaz ya ce jim. Siddik direban motar, wani dogo mai yawan ƙorafi, ya ce in aka sa angai duk wanda ya iya Larabci garama zai karanta, wato tara, kuma shi ba zai ja motar da ke tuna wa 'yan sandan hanya aikinsu ba. Haj ya ce in aka sa jim kuma jarima za a karanta, laifi ke nan, gara tara da kurkuku. Siddik ya ce shi a ganinsa dukansu sun ɓata, ƙaf ne, gurma ce, kututturen nan da mahauta ke sara nama a kai, don jiragen ma haka suke, guntaye masu kauri. Nan fa su biyun suka haɗu suka yi masa ca, suka ce yaro ne, lokacin da ake nuna zanen ko wando bai fara sawa ba. Ya ciro waya ya ce bari a duba a huta. Suka ce ya mayar da ita aljihu, waya me ta sani. Ranar ma babu shabaka a garin, wato netwok, ko ya duba ba abin da zai gani.

Haj ya ce tunda harafin farko ne kaɗai rigimar, in rubuta sauran ukun a bar gurbinsa. Na ce masa ya Haj, ka karanta abin da zai rage tukuna. In ka cire kan Garma a Larabci, rimma ya rage, kuma rimma mushe ne. Ya ce kwana nawa ne, a rufe da buhu. Na rubuta su da ja, na yi musu inuwa da baƙi, haruffa masu kyau ƙwarai, na rataya buhu a kai. Kafin azahar awakin maƙwabta sun janye buhun sun cinye rabinsa. Na sa wani, iska ta ɗauke. Motar ta tsaya a bakin titi, a ƙofar rumfata, da rubutun da duk Gadarif ta san hannuna ne, tana gaya wa duniya cewa ita mushe ce.

Ban taɓa shan tsiya irin ta lokacin ba. Masu keken jaki in sun zo wucewa sai su toshe hanci. Mai shayi ta ce in matsar da abin can kar ƙudaje su kore mata mutane. A masallaci wani dattijo ya tambaye ni cikin ladabi ko yaushe ne jana'iza. Ni kuwa ina nan ina neman abin da zan zana don kar a ce na gama. Na yi furanni a gefen dama, na yi a hagu. Na zana jiragen nan guda-guda yadda na tuna su, Ustaz yana tsaye a ƙasa yana cewa fiffiken ya yi tsawo, Haj yana cewa bakin bai kai faɗin garma ba, ni ina jin daɗi don kowane gyara yini ne. Na zana tankin mai. Na zana robar da ke tare laka a bayan taya. Na shiga ƙarƙashin motar na yi taurari a inda ba mai ganin su sai bakanike. Buhyar Habasha ta ba ni mamaki iri-iri, shi ya sa har yau akwai zaki mai ruwan hoda a ƙofar direba. Ba a taɓa yin mota mai ado irin wannan ba a jihar nan, kuma sunanta Mushe.

Amma Ustaz ya fara dawowa. Kullum da safe yana nan kafin ni, ya zo da sabuwar hujja. Ya fara cin abinci sosai, don musu yana son ƙarfi. Rannan har ya gyara mini wani ɗigo, na ji haushi, na kuma yi murna.

Sai riɗi ya nuna. Ku 'ya'yan garin nan ne, kun san riɗi ba ya jiran kowa, in ya bushe a tsaye sai ya fashe ya zube, ka yi noman shekara don tsuntsaye. Kowace mota a gari ta fita kai ma'aikata gona, ta Haj tana tsaye. Ya lallaɓa Siddik ya yi sawu ɗaya zuwa Doka a haka. Siddik ya dawo fuska a murtuke, ya ce tun daga bakin gari yara ke bin sa suna kukan ungulu, ma'aikatan kuma sun ƙi hawa, sun ce ba za su fara kaka a cikin mushe ba. Ya ajiye makulli a kan bencina ya rantse ba zai sake taɓa sitiyari ba sai an cike gurbin nan. Maganar ta zaga gari, kuma ta kai kunnen Ustaz cewa gonar abokinsa tana zubewa saboda harafi ɗaya.

Da safe na gan shi tafe da jaka a hannu. Ƙaramar jaka ce, ita ce duk abin da ya fito da shi daga Hartum. Haj yana nan, Siddik yana nan. Ustaz ya yi sallama, bai zauna ba, ya ce in hau tsani in rubuta abin da mai mota yake so. Ya ce ya yi tunani, watakila ma garma ce, bakin jirgin ya yi kama da ita. Yana faɗa a hankali, yana kallon ƙasa. Akwai motar Gallabat da za ta tashi kafin azahar.

Mutumin da ya riƙe jim ɗinsa tun muna samari, ya sake shi kamar an karɓi canji. Haj ya rikice, ya miƙe, ya ce a'a, a'a, a rubuta jim, ai Ustaz ne ya yi karatu, shi me ya sani, manomi ne. Ustaz ya ce angai. Haj ya ce wallahi jim. Ina kan tsani da fursha a hannu, buhya tana bushewa, ina kallon mutum biyu suna yin musun da suka saba amma kowa ya ɗauki kayan ɗan'uwansa. Da wata rana ce da na yi dariya har na faɗo.

Sai Ustaz ya ɗago ya dubi Haj.

"Har kai, Adam?"

Haj ya sunkuyar da kai.

"Tun da na dawo garin nan ba wanda ya ƙaryata ni," in ji Ustaz. "Duk abin da na faɗa sai a ce gaskiyarka, Ustaz. Rannan a wurin mai shayi na ce Doka ta fi Hartum girma, don in gani, suka ce gaskiyarka, Ustaz. An ba ni ɗaki na karɓa, an ba ni tuwo na ci. Kai kaɗai ka rage kana ce mini ƙarya nake yi. Yanzu harafin ma sadakarsa za ka ba ni?"

Idon Haj ya kawo ruwa. Ustaz ya gyara riƙon jakarsa ya juya.

Na ji tausayi, na kuma ji haushi, ban san wanda ya fi yawa ba. Na sha tsiyar gari saboda mutanen nan, na shiga ƙarƙashin mota da tsufana, ga shi za a tashi a tutar babu. Na tsoma fursha a ja, na dafa sanda, na ja kai mai zagaye a gurbin nan, na haɗa shi da ra, na ɗora masa ɗigo biyu manya-manya kamar idon sa. Ku ce da gangan na yi, ku ce fushi ne, duk ɗaya. Na sauko na ce halas, an gama, ga ƙaf nan.

Siddik ya yi tsalle ya ce ai ya faɗa. Haj ya dubi allon, fuskarsa ta canza, ya manta da hawayen. Ya ce ni Abakar, da aka haife ni a gidan Hausawa, zan mayar masa da mota kututturen mahauta? Na ce masa wanda ya ga dama ya karanta Garma, wanda ya ga dama ya karanta Gurma, ba ruwana. Ya ce garmar kakansa ba da ƙaf ake rubuta ta ba, angai ne, angai ne tun ranar da aka fara nuna zanen, duk wanda ya ce ba haka ba bai san komai ba.

Ustaz ya riga ya kai bakin titi. Ya tsaya. Ya juyo ya dubi ƙaf ɗin, na ga leɓensa yana motsi, yana ƙoƙarin ya haɗiye maganar, ta ƙi haɗiyuwa. Ya dawo da sauri, ya dire jakar a ƙasa don yana bukatar hannu biyu, ya fara. Ya ce wannan ba kuskure ba ne, ta'addanci ne. Ya ce mini ashe shekarun nan duk zane nake yi ba rubutu ba. Ya ce wa Siddik ya rufe baki. Haj ya ce to ai da an sa angai da ba a kai ga haka ba.

"Jim ne, kai jahili," in ji Ustaz.

Ban taɓa ganin mutum ya ji daɗin zagi kamar Haj a ranar ba. Ya ce jahilin ne dai ya san garma in ya gan ta. Suka ci gaba a tsaye, rana tana hawa, motar Gallabat ta zo ta wuce ta gabanmu tana hon, ba wanda ya waiwaya. Suka umarce ni in goge. Na ce buhyar Habasha ba ta goguwa, kuma jan ya ƙare. Rabin maganar gaskiya ce.

Haj ne ya ce to shi ba zai yarda motarsa ta shiga garuruwa mutane suna zaton mahauci ne ba, dole a samu wanda zai riƙa yi musu bayani, kuma Siddik ba zai yi ba tunda shi ne mai laifin. Ustaz ya ce zai bi motar, amma a sani ba aiki ya karɓa ba, gyara zai je yi, kar ɓarna ta yaɗu. Ya ɗauki jakar ya jefa a gidan gaba ya hau. Suka tafi ɗaukar ma'aikata. Riɗin Haj ya ɗan zube, amma an tsira da mafi yawansa.

Tun daga lokacin yana cikin motar nan. Shi ke kula da lodi, shi ke magana da dillalai a kasuwar amfanin gona, kuma duk inda suka tsaya, Doka ne ko Fau, sai ya tara mutane a bayan motar ya nuna musu ƙaf da sanda ya yi musu darasi a kan jirm. Siddik ya ce akwai masu shayin da ke ba su kyauta don kawai su tafi. Shabaka ta dawo tuntuni, amma ban ji ɗayansu ya ce a duba ba. Ku ma da wayoyinku, in kun duba ku bar wa cikinku, kar in ji shi a rumfar nan.

Bara bayan damina aka kawo motar a sabunta mata fenti, don lakar garin nan da rana ba sa barin komai. Ustaz ya riga kowa zuwa, ya yi ƙiba, da sabuwar jallabiya. Yanzu kam ina da buhya kowace kala, ina da abin gogewa, ya kuma san haka. Ya tsaya a bayan motar ya daɗe yana kallon allon. Na ɗauko fursha na tsaya kusa da shi, na yi masa tambayar da nake yi wa kowa, na ce ya Ustaz, wane "ga" kake so?

Ya ce ƙaf ɗin nan kuskure ne babba, kuma zai ci gaba da faɗa har ya mutu. Sai ya waiga ya ga ba kowa, ya rage murya.

"Ya fara koɗewa, Usta. Ka ƙara masa shafi biyu."